Shekarar da Aka Fasa Tsere

Illela, watan Rajab

Zuwa ga maigidana, Baban Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, ga ka cikin hidimar motoci a Kwatano, ban san ma ko za ka sami wurin zama ka karanta ba. Na san za ka ce ga waya, me ya kawo biro? To, waya a gidan nan ba ta da sirri. In na ɗaga, Inna na ji daga ɗakinta, iyalin yayanka Alhaji Babba na ji daga madafa. Shi ya sa na ba Abu direba ya kawo maka hannu da hannu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan da damshin bakin teku? Mu nan lafiya lau. Inna ta ji sauƙin tarin, Raliya na gaishe ka.

Maganar ɗanka ce, na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce Boyi kamar yadda Inna ta laƙaba masa. Ya dawo gida. Ka ji a waya an fasa tseren motocin, amma ba ka ga yadda ya shigo ba. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa ta'aziyya, ga jaka a kafaɗa, ga hular kwano a hannu. Raliya ta fassara mini saƙon da aka aiko masa. Wasu ƙungiyoyin sun janye motocinsu, waɗanda suka rage ba su isa a jera su a yi gasa ba, sai masu shiryawa suka ce bana babu tseren matasa gaba ɗaya. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, duk yaran da aka tara daga ƙasashe kowa ya koma gidan ubansa. Ko zagaye ɗaya na gasa bai yi ba.

Ya zo da wani abu baƙi mai rami, mara nauyi. Inna ta ce a ajiye mata shi ta riƙa zuba wa awaki dusa. Ashe kujerarsa ce. Wai zaunar da shi aka yi cikin motar, aka zuba wani ruwa a bayansa ya daskare da siffar jikinsa, don kada ya motsa in motar ta sha kwana. Ba wanda za ta yi wa daidai a duniya sai shi. Ya jingine ta a bangon shagonsa, yana share mata ƙura kullum.

Allah shi ne shaida, ban taɓa son tseren nan ba. Tun ranar da ƙanena Abdulmutallib ya kai shi filin ƙananan motoci a Abuja, har aka ga hannunsa, har kamfani ya ɗauki nauyinsa, ban kwana da daɗi ba. Na ga hoton motar: kujera ɗaya, ba rufi, tayoyi a waje kamar ƙafafun fara, mutum a kishingiɗe ƙasa-ƙasa. Amma ya tafi da izininka, da fasfo, ta ƙofar da hukuma ta sani. Bai ɓoye wa kowa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yayanka Alhaji Babba ya ce Allah ne ya dawo masa da direba. Ka san farar motar nan tasa da aka cire wa kujerun baya, aka ɗaga mata ƙugu, wadda ke fito da kaya da jarkokin mai ta hanyar daji zuwa Ƙonni. Ita yake so ya ba Boyi. Ya faɗa a zaure, ina ji daga bayan labule, cewa gudu ai gudu ne, in yaro ya iya tsere wa ƴaƴan Turawa to wa zai kamo shi tsakanin nan da iyaka. Ya ce mi aka yi da gudun da ake zagayawa a dawo inda aka tashi, ba a sauke ko buhu ɗaya ba. Mutanen zaure suka yi ta dariya.

Inna kuwa cewa take addu'arta ce ta ci, ita ta roƙi Allah ya rufe wannan hanya. Ban ce mata komai ba, uwarka ce. Sai dai a raina na ce sauran yaran ma suna da kakanni, kuma wasu cikinsu roƙo suka yi a buɗe.

Ba a tambaye ni ba, kuma na san dalili. Uwar ɗan fari ba ta da baki a kansa. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Inna, Alhaji ne kuma ya yanka ragon sunansa, har yau yaron nan Yaya yake ce mini. Ban taɓa jin zafin haka ba, tarbiyyar da aka yi mini ke nan a gidanmu, Amarawa. Amma kai kana da baki. Don Allah ka kira yayanka ka ce masa a'a.

Ka gaida maƙwabtanka na garejin. Allah ya sa albarka a nema.

Taka,
Halimatus Sa'adiya

Illela, watan Sha'aban

Zuwa ga Baban Raliya,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Atamfar da ka aiko ta iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ba Abu kilishi da yajin daddawa, ka duba kada ya cinye a hanya ya ce ɓera ne.

Amsarka ta zo, amma ba ta hannuna ba. Alhaji Babba ne ya faɗa wa Inna da ƙarfi, don in ji, cewa ka ce duk abin da ya yanke shi ke nan, ɗansa ne. Na san ba ka taɓa ɗaga ido ka kalli yayanka ba, kuma ban raina wannan ba. Sai dai ina so ka san abin da kake amincewa da shi.

Ƙungiyarsa ta sake aiko da saƙo. Bayan babbar Sallah za su tara yaran a yi musu gwaji, waɗanda suka riƙe jikinsu da hannunsu su za a ba kujera in an buɗe gasar baɗi. Sun kuma faɗa a fili: duk wanda hukuma ta taɓa kama shi da laifi, biza ba za ta fito masa ba, lasin tserensa kuma ya mutu. Kamu ɗaya a hanyar daji ya isa. Wannan in an kama shi da rai ke nan. Ka san ɗan Kubra na bayan masallaci, wanda motar mai ta kife da shi, yanzu da sanda yake zuwa sayar da katin waya.

Da farko Boyi ya dage. Yana idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalmi ya nufi tafkin Kalmalo da gudu, masunta na tambayarsa wa ya biyo shi. In ya dawo ya sa hular kwano, ya ɗaure mata gwangwanin yashi da igiya, yana ɗaga kai yana saukewa, wai wuya yake ƙarfafawa. Inna ta leƙa ta ce a nemo masa rubutu, iska ta taɓa shi a can. Samarin tasha kuwa Direban Hoto suke kiransa, tunda a hoto kaɗai suka gan shi cikin mota. Wani ya ce masa in tsere yake so ya zo su gwada da amalanken shanu, a ba shi rata.

Ran kasuwar Lahadi Alhaji ya ce ya ɗan motsa masa farar motar, ba kaya, ya ji lafiyar injin. Ya tafi da ita ta wajen ƙauyen Araba. Baban Raliya, na ga fuskarsa da ya dawo. Tun zuwansa ban ga ya cinye tuwonsa ba sai ranar, har ya nemi ƙari. Yana ba Raliya labarin yadda motar ke zamewa cikin yashi yana kamo ta, yana dariya. Wannan dariyar ce ta tsorata ni. Ba kwaɗayi ke jansa ba, kewar tuƙi ce, kuma Alhaji ya gane haka sarai.

Na aika Raliya ta faɗa masa ya yi haƙuri zuwa bayan Sallah. Ya ce ta gaya wa Yaya cewa waɗanda suka fasa bana suna iya fasa baɗi, shi kuma ya gaji da zama ana nuna shi da baki. Tun daga nan ya daina zuwa Kalmalo. Kujerar nan ma ƙura ta rufe ta.

Na je wurin Malama Hindatu ta Islamiyyarmu, don ba na son in yi abin da zai ja mini zunubi. Na tambaye ta ko a cikin abin da muka karanta akwai inda aka hana uwa ta kira ɗanta na fari, ko ta tsawata masa gaban manya. Ta ce babu, al'ada ce mai kyau ta girmama surukai, amma ba a ajiye ta don a yi shiru ana kallon cuta ba. Na yi istihara, na kuma ƙara.

An sa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko masallaci, Alhaji zai miƙa masa makulli gaban Inna a sa albarka. An ce in dama fura. Zan dama. Amma in kiranka bai zo kafin nan ba, ina sanar da kai tun yanzu, don kada ka ce na yi abu a bayan idonka: ba zan tsaya a bakin fura kawai ba.

Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Halimatus Sa'adiya

Illela, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Baban Raliya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kana shirin azumi cikin sauƙi. Mu ma da sauƙi, jiki dai lafiya yake.

Na san labari ya riga takardata zuwa. Ga shi daga bakina, ba ragi ba ƙari.

An shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaron nan ta Inna. Alhaji na zaune da abokansa biyu, Inna na kan kujerarta, yaron na durƙushe a gefe. Na kawo ƙwaryar fura na ajiye, na koma bakin ƙofa inda ya dace da ni. Alhaji ya yi bayani mai tsawo, ya ce shi ya yanka rago, shi ya kai shi makaranta, ubansa kuma ya sallama a waya. Ya ce Turawa sun yi wasa da yaro sun yar, yanzu za a sa shi hanyar maza. Sannan ya ajiye makullin a kan tabarma. Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa, sai na ga hannunsa ya miƙe.

Sai na ce, Mannir.

Ka ga, na rubuta shi ma. Bai juyo gare ni ba da farko, Raliya ya duba, sannan ya dubi ƙofar gida, don bai san sunansa da muryata ba. Sai na sake cewa, Mannir ɗan Sahabi. Ka yafe mini, naka ma ya fita, ban yi niyyar wannan ba. Na ce masa ya janye hannunsa, ni na haife shi, kuma ban yarda ba.

Inna ta rufe baki da gyale tana salati, tana cewa ɗiyar mutane ta hita hankalinta. Abokan Alhaji suka shiga neman takalmansu. Alhaji kuwa ya kama kunnensa ya ce mi na ji, wace ce wannan, ko rediyo aka kunna a gidan. Ya ce tun da aka kawo ni daga Amarawa bai san ina da murya ba, ashe ajiya na yi mata.

Na durƙusa, ban ɗaga ido ba. Na ce Alhaji ɗanka ne, ban ƙwace ba. Ka aike shi Legas, ka aike shi Agadas, in dai ta ƙofa zai bi da rana, ni zan haɗa masa guzuri. Amma hanyar da ake kashe fitila ana gudun hukuma, ba da ɗan da ya sha nonona ba. Ya ce to tseren nasa ba ya kisa? Na ce yana yi, ban musa ba, kuma tsoronsa na nan a ƙirjina. Sai dai can in ajali ya zo, zai same shi a kan sana'ar da ba ya jin kunyar faɗar ta. Ya yi dariya ya ce wace sana'a, tseren da babu shi? Na ce bana ne babu.

Ban san daga ina maganar ta riƙa zuwa ba.

Mannir ya janye hannunsa. Ya ce wa Alhaji ya yi haƙuri, ya ce wa Inna ta yafe masa. Alhaji ya ɗauki makullinsa ya fita, babbar rigarsa ta ture ludayi. Ba wanda ya taɓa furar. Yaron ne ya ɗauko ƙwaryar ya biyo ni da ita har ƙofar ɗakina, ɗakin da bai shiga ba tun da aka yaye shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sha, ya ajiye, ya tafi. Da asuba na ji ƙarar takalminsa ya nufi Kalmalo.

Tun ranar, kwanon da na kai wa Inna yana dawowa yadda na kai shi. In na yi gaisuwa sai ta amsa wa bango. Maƙwabta na shigowa aron turmi alhali suna da nasu, don dai su ga matar da ta kira sunan ɗan fari da na miji a zama ɗaya. Wata ta tambaye ni ko harshen nawa bai yi ƙuna ba. Na ce mata da sauƙi.

Jiya Alhaji ya aiko cewa in haɗa kayana in tafi gidanmu har ka dawo, a koya mini abin da aka manta. Zan tafi, don babba ne, kuma gidansa ne. Ba yaji na yi ba, kada wani ya faɗa maka haka.

Allah ya kai mu Ramalan da rai da lafiya.

Taka har kullum,
Halimatus Sa'adiya

Amarawa, watan azumi

Zuwa ga maigidana, Baban Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina fatan azumi bai tsananta maka ba, kuma kana samun kunu mai kyau a can. Baba na gaishe ka. Shi ma ya yi mini faɗa na yini guda, daga baya ya tambayi Raliya, da muka taho tare, ta nuna masa hoton motar, ya daɗe yana kallo, ya ce yaron ya yi kama da kakansa a kan doki.

Mannir ya tafi Abuja wurin Abdulmutallib. Masu filin ƙananan motoci sun ba shi aikin koya wa yara, da yamma kuma su bar shi ya yi nasa zagayen. Ya biyo ta nan ya yi mini sallama, da kujerarsa ɗaure a bayan jaka. Ban ɓoye masa ba, na ce wataƙila a yi gwajin ya faɗi, wataƙila ma a sake fasa gasar. Ya ce ya sani. Na ce to in an fasa sai ya sake jira, kuma ni ma zan sake tsayawa inda na tsaya.

Saƙonka ya iso ta bakin Alhaji, cewa in je in ba da haƙuri a mayar da ni. Zan je. Zan durƙusa gaban Inna in roƙi gafarar ɗaga murya a tsakar gidanta, zan roƙi Alhaji gafarar kunyar da ya ji gaban baƙinsa, kai ma na roƙe ka ta sunanka da na furta. Waɗannan haƙƙoƙi ne, ba na son in kai su kabari. Amma an ce sharaɗin shi ne in kira yaron a waya in ce ya dawo ya karɓi makulli. Wannan ba zan yi ba, ko Sallah za ta same ni a nan, ko ta baɗi ma. Ban taɓa ƙin umarninka ba tun da aka ɗaura mana aure, kuma ba na jin daɗin farawa da furfura a kaina.

Abin da ban sani ba shi ne ko sharaɗin naka ne ko na yayanka. Duk amsar da ka ba ni a kan yaron nan ta bakinsa take zuwa. Ina so in ga hannunka. In ka ce in zauna Amarawa, zan zauna ban yi ƙorafi ba. In ka ce in koma, ka san da wace magana zan koma.

Raliya na gaishe ka, ta ce kada ka manta da takalmin Sallarta. Abu zai juyo cikin makon nan. Don Allah ka ba shi amsa, ko layi biyu ne, kuma ka amsa da wuri.

Matarka,
Halimatus Sa'adiya